Kullum Shiri: Ubangida da Bara a Barikin Gwalkwas, daga Salaga zuwa Teshi

Taken rundunar sojan ƙasa ta Gana, wadda ta gaji tsohuwar rundunar Gwalkwas, kalmomi biyu ne na Hausa: Kullum Shiri. Ɗalibin Hausa da ya ci karo da wannan take zai so ya san dalili, domin Hausawa ba su taɓa zama masu rinjaye a ƙasar ba, kuma galibin waɗanda suka ɗauki bindiga a ƙarƙashinsa ba Hausawa ba ne. Amsar tana cikin tarihin garuruwa uku na arewacin ƙasar, wato Salaga da Yendi da Bawku, yankin da aka daɗe ana ɗibar samari ana mai da su mayaƙa tun kafin zuwan Turawa. Tarihin nan ya ƙunshi wata tambaya da ta fi ta harshe nauyi: me ke sa saurayi ya bi umarnin wanda ya hore shi har bakin mutuwa, kuma yaushe yake daina bi?

A al'adar Hausa akwai sunan wannan dangantaka tun da daɗewa, ita ce ta bara da ubangida. Bara yana ba da ƙarfinsa da biyayyarsa. Ubangida kuwa ci da sha da sutura suna wuyansa, shi zai yi wa baransa aure, ya tsaya masa ranar shari'a, in ya ga ƙwazonsa ya ɗora shi a kan doki, wata rana ma ya nema masa sarauta. Wannan na ƙarshe shi ne gishirin abin. Yaron da ke yankan ciyawar doki yana haƙuri ne domin ya ga cewa barden da ke kan dokin shi ma daga yankan ciyawa ya fara. Duk rundunar da aka kafa a arewacin Gana cikin shekaru ɗari da suka biyo bayan 1860 ta ari wannan tsari, sai dai ba kowacce ta cika alkawarin ƙarshen ba.

Salaga ce mahaɗar farko. Ita ce babbar kasuwar ƙasar Gwanja, inda fataken Kano da Katsina ke sauke ayari su sayi goron da ya fito daga kurmin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Ban da goro, Salaga kasuwar bayi ce, kuma a zangonta Hausa ce harshen ciniki. Bawan da aka kamo daga ƙasar Gurunshi ko ta Mosi, in ya yi 'yan shekaru a gidan fatake, da Hausa yake fita, sau da yawa har da sunan Musulmi. Tun kafin Turawan Ingila su farga, mutanen Holan sun gane amfanin irin waɗannan samari. A 1837 suka ƙulla yarjejeniya da Sarkin Asante Kwaku Dua, suka riƙa ɗaukar bayin arewa a Kumasi suna kai su tsibirin Jawa aikin soja, kuɗin da ake ba kurtu na shiga aiki ya zama shi ne fansar kansa.

Ingila ta biyo wata hanya dabam. A 1863 John Glover ya tara wasu bayi masu jin Hausa da suka gudu daga iyayengijinsu ya yi musu horon soja a Ikko, aka riƙa ce musu Hausawan Glover. A 1872 aka kawo wani rukuni nasu Elmina, a yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874 kuma Glover ya bi da su ta gefen kogin Bolta, bayan ya sha rigima da masu bayi a Accra, wadda Hausawa ke kira Ankara, saboda bayinsu da ke guduwa suna shiga rundunarsa. Daga nan Turawa suka ƙudure a ransu cewa Bahaushe shi ne soja, mutumin bakin teku kuwa bai dace da bindiga ba. Ra'ayi ne marar tushe, amma ya yi tasiri na shekaru saba'in. Da aka kafa rundunar 'yan sandan yaƙi ta Gwalkwas a 1879, sai neman Hausawa ya zama aiki, aka riƙa tura masu ɗibar kurata cikin ƙasa. A 1887 wani hafsa mai suna Firminger ya tafi har Salaga musamman domin wannan. Waɗanda ake samu kuwa, da yawansu Hausar baki ce kawai gare su. A littafin Bature duk wanda ya fito daga arewa, yana jin Hausa, yana salla ko yana kwatantawa, Bahaushe ne.

Ya kamata a tsaya a dubi halin wannan kurtu. Ba shi da dangi a kusa, garinsu wataƙila an ƙone shi, komawa Salaga kuwa komawa kasuwa ce. Bariki ya ba shi ɗaki da albashi da jar dara, ya yarda ya zauna da matarsa, ya ajiye masa limami mai karɓar albashin gwamnati, matan sojoji kuma aka naɗa musu magajiya mai sasanta rigimarsu da kai kukansu gaba. Wato dai Bature ya gina gidan ubangida, ya zauna a zaurensa. An ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma sun yi. A 1900, lokacin da Tonawa ƙarƙashin Yaa Asantewaa suka yi wa Gwamna Hodgson ƙawanya a Kumasi, Manjo Morris ya taso da sojojinsa tun daga Gambaga a ƙasa domin kai ɗauki. Da gwamnan ya fasa ƙawanyar ya fice a watan Yuni, an bar wasu sojojin a cikin ganuwa, yunwa tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, ba su ba da gari ba har taimako ya iso a tsakiyar Yuli.

Sai dai Baturen da ke zauren baƙo ne. Aro ake yi nasa daga rundunar Ingila, ya yi ɗan lokaci, zazzaɓi ko hutu ya mai da shi gida, wani ya zo. An wajabta masa koyon Hausa har da jarrabawa, amma abin da yawancinsu ke iyawa bai wuce na ba da umarni ba. Wanda kurtu ya sani dare da rana shi ne samanja. Shi ke koya masa dama da hagu a filin fareti, shi ke tsawata masa, shi ke kwantar da shi a yi masa bulala, shi kuma ke shiga ofis ya roƙa masa sassauci. A wannan zama ne Hausa ta sami kalmomin da har yau ake amfani da su: soja, bariki, kurtu, farabiti, kofur, saje, samanja, hafsa, duk ararru ne daga Turanci da bakin soja ya sassaƙa. Wasu kuwa na gida ne aka ba su sabuwar ma'ana, kamar igiya ga alamar da ke hannun kofur da saje, da anini ga wadda ke kafaɗar hafsa. A nan ne kuma Barikanci ya yi ƙarfi, irin Hausar nan da ba ta bambance namiji da mace, wadda ke cewa “mace ya zo” ba tare da jin an yi kuskure ba.

Kafin a bi wannan runduna gaba, sai an waiwayi Yendi, domin a can ne ake ganin yadda 'yan ƙasa suka riƙe mayaƙansu, kuma daga can ne Bature ya gaji wasu daga cikin sojojinsa mafiya gogewa. Sarkin Dagwamba, Ya Na, yana da 'yan bindiga da ake kira Kambonsi, waɗanda aka tsara bisa salon rundunar Asante, har sarautunsu da sunayen Asante ake kiran su. Aikin gado ne, ɗa yana koya daga uba, kuma abin kunya mafi girma a wurinsu shi ne a ce mutum ya bar shugabansa a fagen fama. Ranar 4 ga Disamba 1896, a Adibo, kudu da Yendi kaɗan, suka tari rundunar Jamusawa ta Gruner da von Massow. Dagwambawa dubbai ne, sojojin Jamus kuwa ba su kai ɗari ba in an cire 'yan dako, amma bindigar toka ba ta ja da mai ɗurin harsashi ta baya. Shugaban Kambonsi, Kambon Nakpem Ziblim, ya faɗi a wurin tare da ɗaruruwan mutanensa, Jamusawa suka wuce suka sa wa Yendi wuta. Makaɗan Dagwamba har yau suna ba da labarin ranar Adibo. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, masu harbin daga ɗaya ɓangaren su ma baƙaƙe ne, da Hausawa a cikinsu, barorin wani ubangidan.

Labarin Zabarmawa ya fi wannan koyarwa. Sun iso ƙasar Dagwamba wajen shekarun 1860 suna fataucin dawaki, suka shiga taya sarakuna kai hari ƙasar Gurunshi domin kamo bayi. Da suka ga ƙarfinsu ya kai, sai suka ɓalle suka ci gashin kansu, Alfa Hano ya fara shugabanta, Gazari ya gaje shi, sa'an nan Babatu. Zabarmawan asali ba su da yawa. Ƙarfin rundunar ya dogara ne ga yaran Gurunsawa da ake kamowa da ƙuruciya, a musuluntar da su, a raine su a sansani, su koyi hawa da harbi, masu ƙwazo a ba su jama'a su shugabanta. In ana neman makarantar horon hafsoshi ta farko a wannan yanki, to, sansanin Zabarmawa ne, ko da yake ba allo ba alli, kuma darasin da ake koyarwa shi ne ƙone ƙauyuka irin waɗanda ɗaliban suka fito.

Fitaccen ɗalibin wannan makaranta shi ne Amariya. Yana yaro aka kamo shi, ya tashi a hannun Zabarmawa, ya zama ɗaya daga cikin manyan jarumansu. Muddin ana raba ganima da shi, ana jin shawararsa, ya yi biyayya. Amma a zamanin Babatu hari ya fara faɗa wa garuruwan da suka riga suka yi mubaya'a, garuruwan da sojojin nan suke da dangi a ciki, kuma manyan Gurunsawa suka gane cewa duk yawan dawakinsu, a idon ubangidansu bayi ne, sarautar rundunar kuwa ta Bazabarme ce har abada. Wajen 1894 Amariya ya yi tawaye, sojoji masu yawa suka bi shi, ya kira kansa Sarkin Gurunshi. A 1896 ya ƙulla amana da Faransawa, a watan Maris na 1897 kuma shi da su suka karya Babatu a Gandiogo, aka sake fatattakar sa cikin shekarar. Builsawa ma suna da nasu rabon a karya shi, shi ne abin da suke tunawa a bikin Feok na Sandema kowace Disamba. Babatu ya koma ƙasar Dagwamba, ya ƙare rayuwarsa a Yendi a 1907, kabarinsa yana nan ana nuna wa baƙi. Ɗalibin Hausa yana da wata riba ta musamman a wannan labari, domin a 1914 wani Malam Abu ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen Zabarmawa da Hausar ajami, kuma masanin nan na ƙasar Polan, Piłaszewicz, ya fitar da shi a littafi a 1992.

Mayaƙan da suka watse daga rundunar Babatu da ta Amariya ba su koma gona duka ba. Da yawa sun miƙa kansu ga Turawa, aka ba su kaki. Yarjejeniyar 1899 ta bar Salaga ga Ingila, Yendi ga Jamus, a 1901 kuma aka mai da 'yan sandan yaƙin nan cikakkiyar rundunar Gwalkwas a ƙarƙashin rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma. Salaga a lokacin ta riga ta durƙushe tun yaƙin basasar 1892, wanda ya watsa fatakenta zuwa Kete Krachi da wasu garuruwa, saboda haka ɗibar kurata ta ƙaura can arewa, zuwa ƙasashen Frafra da Kanjarga da Dagati da Kusasi.

Bawku ta shigo labarin ne ta nan. Gari ne na kasuwa mai zangon Hausawa, a kusurwar da Gwalkwas ta haɗu da ƙasar Faransawa da ta Jamusawa. Samarin Mosi da na Busanga masu gudun aikin tilas da sojan dole na Faransa sukan tsallako su shiga sojan Ingila, samarin gida kuma yunwar bazara da ƙarancin gona su kora su. Lokacin manyan yaƙoƙin duniya biyu, Bature ba ya zuwa ƙauye da kansa. Sarki yake gaya wa adadin da ake so, sarki kuma ya san 'ya'yan da zai bayar, ba kasafai suke zama nasa ba. Magatakarda ba ya wahalar da kansa da sunan uba, sai ya rubuta sunan yanka, ko wanda aka laƙaba wa kurtu a ranar, ya bi shi da sunan ƙabila ko gari. Shi ya sa rajistar rundunar ta cika da Frafra da Kanjarga da Moshi da Busanga da Bawku a matsayin sunan mahaifi.

Mafi shahara cikin masu irin wannan suna shi ne Alhaji Grunshi. A watan Agusta na 1914, da rundunar ta shiga Togo domin kama tashar wayar iska ta Jamus da ke Kamina, shi ne aka rubuta cewa ya fara harba bindiga cikin dukan sojojin Ingila a Yaƙin Duniya na Farko. A watan ne kuma Yendi ta koma hannun Ingila. Ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas, ya sami lambobin yabo na jarunta, ya kai matsayin babban samanja na runduna. A nan hanyar ta ƙare. A zamanin 'yan sandan yaƙi akwai wani muƙami na hafsa baƙar fata, wanda tsofaffin sojoji ke iya kaiwa, amma a farkon ƙarni na 20 aka bar shi ya mutu. Daga nan, komai yawan igiyar mutum da furfurarsa, dole ya ƙame wa saurayin Baturen da jiya ya sauka daga jirgi. Bangon da Amariya ya yi karo da shi ne aka sake ginawa, wannan karon da doka a rubuce.

Da ƙofar ta buɗe, ba ga mutanen Bawku ta buɗe ba. Seth Anthony, wanda ya zama baƙar fata na farko da ya sami aninin hafsa a 1942 kuma ya yi yaƙin Bama, malamin makaranta ne daga kudu. A 1953 aka buɗe makarantar share fagen hafsoshi a Teshi, kusa da Ankara, wadda ta karɓi ɗalibai daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma na Ingila. Yakubu Gowon ya bi ta nan a 1954 kafin ya wuce Sandhurst. A 1960 ta zama Kwalejin Soja ta Gana. Sharaɗin shiga shi ne takardar makaranta, kuma a nan gwamnatin mulkin mallaka ta riga ta yanke wa arewa hukunci tun da wuri. Mfantsipim ta bakin teku tun 1876 take koyarwa, arewa kuwa sai 1909 ta ga makarantar gwamnati ta farko a Tamale, sakandare kuma sai 1951. Turawa sun so arewa ta zauna rumbun leburori da sojoji, ta kuwa zauna. Ranar samun mulkin kai a 1957, fiye da rabin ƙananan sojoji 'yan arewa ne, hafsoshi 'yan ƙasa kuwa ba su wuce 30 ba a gefen Turawa kimanin 200, kuma kusan dukansu 'yan kudu ne.

Sai aka sami wani yanayi mai wuyar sha'ani a filin fareti. Tsohon samanja da ya ga Bama da idonsa, wanda bai iya karanta sunansa ba, shi ke hora ɗalibin hafsanci, yana yi masa tsawa kamar kurtu, alhali su biyun sun san cewa ranar da aka maƙala wa yaron anini, malamin ne zai fara sara masa. Harshen da zai haɗa su ma ya raunana, domin tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Turanci ya ture Hausa daga matsayin harshen umarni, ta koma ta hira a layin bariki da kasuwar mata. Sabon hafsa ya gaji kujerar Bature da gidansa da ɗakin cin abincinsa, amma bai gaji wajibcin koyon harshen sojojinsa ba. A watan Satumba na 1961 Nkrumah ya sallami Janar Alexander da sauran hafsoshin Ingila, sai samarin da ba su daɗe da barin Teshi ba suka yi ta tsallake muƙamai cikin 'yan watanni. Waɗanda suka biyo bayansu da shekara biyu ko uku kuwa suka tarar gurabe sun cike da mutanen da ba su girme su ba.

Ranar 1 ga Agusta 1962 aka jefa wa Nkrumah bam a Kulungugu, 'yar tafiya kaɗan daga Bawku, aka kai shi asibitin Bawku aka cire masa ɓaraguzai. Tun daga ranar ya daina sakin jiki da rundunar da ya gada. Ya faɗaɗa rundunar tsaron kansa, ya ba ta makamai da kulawar da sauran sojoji ba su samu ba, ya sa Kanar David Zanlerigu, ɗan arewa, ya shugabance ta. Sauran bariki suna kallo, takalmansu sun tsufa, kakinsu ya koɗe. A watan Fabrairu na 1966, yana kan hanyarsa ta zuwa Hanoi, Kanar Kotoka da Manjo Afrifa, wanda shi ma ɗan Teshi ne kuma ɗan Sandhurst, suka taso da sojoji daga Tamale da sunan atisaye. Sai da aka yi nisa aka gaya musu inda aka dosa, suka kuwa bi. Da asubahin 24 ga wata aka je wa Manjo Janar Charles Mohammed Barwah, shugaban sojan ƙasa, ɗan arewa, ɗaya daga cikin 'yan Gana na farko da suka yi Sandhurst, aka nemi ya ba da goyon baya. Ya ƙi saɓa rantsuwarsa, aka harbe shi. Akwai bariki a Tamale da ke ɗauke da sunansa.

Kotoka bai yi wata goma sha biyar a kan nasararsa ba. Ranar 17 ga Afrilu 1967 wani ƙaramin hafsa, Laftanar Samuel Arthur, ya taso daga Ho da sojojin da ke ƙarƙashinsa, su ma ba su san ainihin abin da aka fito yi ba. Cikin ƙorafe-ƙorafensa akwai cewa manya suna ta ƙara wa kansu girma, ƙanana kuwa ana kayar da su a jarrabawar ƙarin muƙami. Juyin bai yi nasara ba, amma an kashe Kotoka a filin jirgin saman Ankara, wanda daga baya aka sa wa sunansa. A watan Mayu aka ɗaure Arthur da abokinsa Laftanar Moses Yeboah, aka harbe su a gaban dubban jama'a a filin koyon harbi na Teshi, daura da kwalejin horon hafsoshi.